Daga Acaɓa Zuwa Adaidaita Sahu: Yadda Doka Ke Bin Sawun Abin Hawa a Kano

Baƙon da ya sauka a birnin Kano a yau, abin da zai fara cika masa ido a kan titi shi ne wani ɗan ƙaramin abin hawa mai ƙafa uku, mai launin ruwan ɗorawa, wanda ke kurɗawa tsakanin motoci ba ji ba gani. Kanawa suna kiran sa adaidaita sahu, mai tuƙa shi kuwa ɗan sahu. Da a ce baƙon nan ya zo ne a shekarar 2000, da wuya ya ga ko ɗaya. Abin da zai tarar shi ne babura birjik, kowanne ɗauke da fasinja a baya, ga hayaƙi ya turnuƙe mahaɗar hanyoyi. Waɗannan su ne 'yan acaɓa. Da kuma a ce ya zo a shekarar 1975, da tasi da bas da kekuna zai gani.

Ke nan cikin shekara hamsin birnin ya sauya abin hawansa na yau da kullum har sau biyu. Abin lura shi ne, a kowane karo abin hawan ne ke riga doka isa titi. Sai ya bazu, jama'a sun saba da shi, dubban magidanta sun dogara da shi wajen ciyar da iyali, sannan hukuma ta farga ta biyo baya da takarda da tara. Wannan maƙala za ta bi wannan tarihi, domin a ga abin da doka ta iya yi da abin da ya gagare ta.

Yadda acaɓa ta samo asali

A shekarar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki wanda ya karya darajar Naira. Sabuwar mota ta fi ƙarfin masu tasi, kayan gyara suka yi tsada, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka shiga rage ma'aikata. A daidai wannan lokaci kuma birni yana ta faɗaɗa. Unguwanni irin su Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi suka cika da jama'a, yawancin lungunansu kuwa babu kwalta, mota ba ta shiga. A shekarar 1988 gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin samar da manyan motocin bas a birane, amma bas a kan babban titi yake tsayawa, ba ya kai mutum ƙofar gida.

Babur ne ya cike wannan giɓi. Ma'aikacin da albashinsa ya daina kai shi ƙarshen wata sai ya riƙa ɗaukar mutane a babur ɗinsa bayan an tashi daga aiki. Daga baya, da baburan ƙasar Sin masu araha irin su Jincheng suka cika kasuwa, sana'ar ta zama ta samari, musamman 'yan cirani da ke shigowa daga ƙauye idan an gama aikin gona. Ba a Kano kaɗai aka yi haka ba. A Sakkwato da garuruwan Nijar irin su Maraɗi da Ƙonni ana ce da sana'ar kabu-kabu, a Legas okada, a Kwatano zemijan, a Uganda da Kenya kuwa boda-boda.

To, wa ke da alhakin kula da ɗan acaɓa? A nan gizo ke saƙa. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba gwamnatin tarayya ikon kula da zirga-zirga a manyan hanyoyinta. Ya ba ƙananan hukumomi ikon ba da lasin keke da baro da amalanke da kwalekwale, da kuma kula da tashoshin mota. Babur ɗin haya ba keke ba ne, ba shi kuma da tasha, duk inda aka ɗaga masa hannu nan ce tasharsa. Saboda haka kowa yana da abin da zai karɓa a wurin ɗan acaɓa: ɗan sanda ya nemi takardu, ƙaramar hukuma ta sayar masa da tikiti, ƙungiya ta karɓi nata. Amma babu wanda ya ɗauki nauyin koya masa tuƙi, ko tabbatar da cewa ya san dokar hanya kafin ya ɗauki ran mutum a bayansa. Yaro zai koyi babur ranar Juma'a, ranar Asabar ya fito haya. Sakamakon haka sananne ne ga duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala a waɗancan shekaru.

Ina ɗalibi a jami'a na sha hawa acaɓa, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi mana rana. Idan ka makara zuwa lacca, ɗan acaɓa ne kaɗai zai iya ratsa cunkoson Kabuga ya kai ka a kan lokaci. Sai dai duk tafiyar kana salati.

An yi ƙoƙarin gyara. A ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta wa masu babura da fasinjojinsu sa hular kwano. Hular ta yi tsada, fasinjoji kuma suka riƙa ƙyamar sa wadda wani ya cire, wasu ma suna tsoron kada a yi musu asiri da ita. Aka wayi gari wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya ko tukunya a ka, sun ɗaure da igiya, don su wuce jami'ai. Labarin ya ba duniya dariya. Ba a jima ba dokar ta bi ruwa a Kano.

Sunan da ya fito daga masallaci

Kafin wannan, an yi wani yunƙuri wanda dalilinsa ba haɗari ba ne. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Malamai da dama suna ganin bai dace mace ta hau babur tana manne da namijin da ba muharraminta ba, wato wanda ba mijinta ba kuma ba ɗan'uwan da aure ya haramta tsakaninsu ba. A shekarar 2005, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, aka yi dokar hana 'yan acaɓa ɗaukar mata. Da 'yan Hisba suka fara aiwatar da ita a ƙarshen wannan shekara, sai da aka yi arangama tsakaninsu da 'yan acaɓa, domin mata su ne babban kaso na masu hawa.

Gwamnati ta san cewa ba a hana mutum abu a bar shi hannu rabbana. Sai ta sayo kekuna masu ƙafa uku, aka sa musu labule a gefe, aka keɓe su don mata. Irin wannan keke ba sabo ba ne a Nijeriya. An san shi a Legas da sunan Keke Marwa tun zamanin mulkin Buba Marwa a ƙarshen shekarun 1990, sannan shirin yaƙi da talauci na gwamnatin Obasanjo, wanda aka kafa a 2001, ya yaɗa shi da sunan Keke NAPEP. Amma a Kano wani suna daban ya samu. Gwamnatin Shekarau tana da wani shiri na gyaran tarbiyyar al'umma da ta ƙaddamar a 2004 mai suna A Daidaita Sahu. Jama'a suka ɗauki sunan shirin suka laƙaba wa keken.

Ya kamata ɗalibin Hausa ya ɗan tsaya a kan wannan suna. Asalinsa jimla ce ta umarni, wadda liman ke faɗa kafin ya tayar da salla, yana neman masallata su miƙe layi, kafaɗa da kafaɗa. Wannan "a" ta farko wakilin suna ce da ba ta fayyace wanda zai yi aikin, kamar yadda ake cewa "a zo" ko "a yi haƙuri". Hausa tana son mayar da irin wannan jimla suna. Akwai fitilar gargajiya da ake kira a-ci-balbal. Akwai kuma ƙaramar motar ɗaukar kaya da ake kira a-kori-kura, domin ita ce ta zo ta ƙwace aikin kura, wato amalanken da ake turawa da hannu. Sunan kansa yana ba da labarin yadda sabon abin hawa ke ture tsoho. Gwamnatin da ta kawo shirin A Daidaita Sahu ta sauka a 2011, shirin ya shuɗe, amma sunan yana nan yana yawo a titi. Yara da yawa a yau ba su san ma an taɓa yin shirin ba.

Dokar hana ɗaukar mata ba ta yi ƙarko ba. Kekunan ba su wadata ba, kuma mace mai sauri zuwa asibiti ko kasuwa ba za ta tsaya jira ba. Acaɓa ta ci gaba da cin kasuwarta har shekara bakwai.

Shekarar 2013

Abin da haɗari da wa'azi suka kasa yi, tsaro ne ya yi shi cikin mako guda. Daga harin ranar 20 ga Janairun 2012, wanda Boko Haram ta kai wa ofisoshin jami'an tsaro a Kano, birnin ya shiga wani hali. 'Yan bindiga suka mayar da babur abin aikinsu: ɗaya yana tuƙi, na baya yana harbi, su shige lungu su ɓace cikin dubban babura masu kama da juna. A ranar 19 ga Janairun 2013 aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari. Sarki ya tsira, amma direbansa da wasu dogarai sun rasu. Kwanaki kaɗan bayan haka, mataimakin gwamna na lokacin, Dokta Abdullahi Umar Ganduje, ya ba da sanarwar hana haya da babur a cikin birni da kewaye. Goyo, wato ɗaukar mutum a bayan babur, ya zama laifi.

Wannan karon dokar ta zauna. Dalili na farko shi ne jama'a sun ji tsoro, sun kuma yarda da hujjar. Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi na farko ƙarfi, shi ne akwai inda za a koma. Keken da aka kawo don mata yana nan yana jira. 'Yan acaɓa da yawa suka sayar da baburansu suka koma tuƙa shi, masu kuɗi suka riƙa sayen kekunan Bajaj da TVS na ƙasar Indiya suna ba matasa. Wani yana kawo balas, wato kuɗin da aka yanka masa zai ba mai keke kullum, abin da ya ragu bayan kuɗin mai shi ne nasa. Wani kuma ana tsuga masa farashi ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har keken ya zama nasa. Waɗanda ba su samu ba, wasu suka koma ƙauye, wasu suka nausa garuruwan da ba a hana ba.

Lallai an sami sauƙin karaya da hayaƙi. Amma buƙatar da ta haifi acaɓa ba ta je ko'ina ba, ƙafa ɗaya kawai aka ƙara mata. Yawancin matsalolin ma sun biyo ta: tuƙin ganganci, yara matuƙa marasa lasin, tsayawa a tsakiyar titi don ɗaukar fasinja. Ga kuma cunkoso, tunda keke ya fi babur cin wuri. Daga baya aka ƙara da ƙwacen waya, inda ɓarayi ke shiga keke a matsayin fasinjoji. Har ma batun cakuɗuwar maza da mata ya dawo: a ƙarshen 2019 aka ba da sanarwar cewa daga Janairun 2020 ba za a haɗa maza da mata a keke ɗaya ba, sai kuma aka ɗage kafin a fara. Abin hawan da aka kawo don raba maza da mata, shi ne aka wayi gari ana neman dokar raba su a cikinsa.

Haraji da yajin aiki

Bambancin zamanin adaidaita sahu da na acaɓa shi ne yanzu akwai hukuma tsayayya. A shekarar 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, wadda kowa ya sani da KAROTA. Ita ce ta shiga yi wa kekuna rajista da ba su lamba a jiki, abin da ba a taɓa yi wa acaɓa da gaske ba. Wannan ci gaba ne, domin wanda ya manta kayansa ko aka cuce shi yana da lambar da zai faɗa.

Sai dai rajista a Nijeriya ba ta rabuwa da kuɗin shiga, kuma a nan ne ake samun saɓani. A watan Fabrairun 2021 'yan adaidaita sahu suka yi yajin aiki saboda harajin Naira 100 na kullum. A ranar 10 ga Janairun 2022 suka sake ajiye aiki, wannan karon saboda Naira 8,000 ta sabunta takardar izini a shekara. Kwana uku birnin yana tafiya a ƙafa. 'Yan kasuwa suka riƙa hawa a-kori-kura kamar buhuna, Jami'ar Bayero ta ɗage jarrabawa domin ɗalibai sun kasa isowa. Da aka zauna sulhu, aka rage kuɗin zuwa Naira 5,000. A watan Yulin wannan shekara aka hana kekunan aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda tsaro. A ƙarshen Nuwamba kuma aka ba da sanarwar hana su bin wasu manyan tituna, bisa hujjar cewa gwamnati ta samar da motocin bas. Jama'a suka yi ca, domin motocin ba su kai ko kusa da yawan masu buƙata ba, nan da nan aka janye.

Idan aka kwatanta 2013 da Nuwamban 2022, za a ga hukuma ɗaya ce, birni ɗaya ne, amma dokar farko ta zauna, ta biyu ko kwana biyu ba ta yi ba. A karon farko akwai madadin da ke jira, a karo na biyu babu. Game da haraji kuwa, ni ban ga laifin karɓar sa ba. Abin tambaya shi ne me ɗan sahu ya samu a madadin abin da ya biya. Da kuɗin yana komawa wajen koyar da tuƙi, da keɓe wuraren tsayawa, da inshorar da za ta biya kuɗin asibiti idan an yi haɗari, da gardamar ta ragu. Idan kuwa takarda kawai aka miƙa masa, to a wurinsa wannan ba tsari ba ne, wani shingen karɓar kuɗi ne aka ƙara a kan waɗanda ya saba da su.

Da wayar hannu ta shigo

Ana cikin wannan sai ga wani sabon baƙo wanda ba shi da ƙafa ko ɗaya, wato manhajar kiran abin hawa ta wayar hannu. Kamfanin Uber ya fara aiki a Legas a 2014. A 2019 kamfanin OPay ya shigo Kano da irin wannan tsari na adaidaita sahu, yana sauƙaƙa wa fasinja farashi ƙwarai don ya jawo kasuwa. A watan Nuwamban shekarar 'yan sanda suka rufe ofishinsa na Kano bisa zargin rashin cika ƙa'idojin jiha, a 2020 kuma kamfanin ya dakatar da harkar ɗaukar fasinja a Nijeriya.

Irin waɗannan kamfanoni sun zo wa doka da tambayar da ba ta shirya mata ba. Kamfanin yakan ce shi ba shi da mota ko keke, bai kuma ɗauki direba aiki ba, dillali ne kawai mai haɗa mai nema da mai bayarwa. Amma shi ke yanka farashi, shi ke cire kamashonsa, shi ke korar direban da bai gamsu da shi ba. To, idan aka yi haɗari, wa za a kama? Ba Nijeriya kaɗai wannan ya dama ba. A Ingila sai da magana ta kai kotun ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 2021 cewa direbobin Uber ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika kula da shi ba. Abin da ya kashe acaɓa a Kano shi ne rashin sanin wane ne a kan babur. Manhaja kuwa ta san sunan direba da hotonsa da lambarsa, ta san inda ya ɗauki fasinja da inda ya sauke shi. Wato rajistar da hukuma ta yi shekaru tana fama, kamfani ya yi ta cikin sauƙi, sai dai bayanan suna hannunsa, ba hannun hukuma ba. Hukuma mai dabara za ta nemi hanyar cin moriyar wannan. Legas ta gwada hanya biyu a shekara ɗaya. A watan Fabrairun 2020 ta hana babura da kekuna masu ƙafa uku a manyan sassan birnin, ba ta ware kamfanoni irin su Gokada ba, duk da cewa matuƙansu suna da rajista da hular kwano. Dole suka koma aikin kai saƙo. A watan Agusta kuwa, da ta zo kan motocin manhaja, sai ta zauna da kamfanonin, aka yi yarjejeniyar lasin da kuma Naira 20 a kan kowace tafiya.

Wasu birane sun bi wasu hanyoyin. A Doha ta ƙasar Ƙatar hukuma ce ke riga kowa: ta kafa kamfanin sufuri na gwamnati mai tasi da bas ɗin Karwa a 2004, ta buɗe jirgin ƙasa na cikin birni a 2019. Mazaunin Al-Wukair, a kudancin birnin, yana iya hawa bas zuwa tashar Al-Wakra ya shiga jirgi, saboda haka giɓin da acaɓa za ta cike kaɗan ne. Amma wannan aikin mai kuɗin iskar gas ne da jama'a kaɗan. Misalin da ya fi kusa da Kano shi ne Kigali ta Ruwanda, inda aka karɓi babur ɗin haya a matsayin sana'a, aka tilasta wa matuƙi riga mai lamba da hular kwano biyu, tasa da ta fasinja, aka kuma tsaya a kan dokar shekara da shekaru ba tare da an sassauta ba. Wannan ba ya buƙatar dukiyar Ƙatar. Yana buƙatar hukumar da ba ta sauya magana duk lokacin da aka sauya gwamna.

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar cire tallafin man fetur, farashin mai ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Ɗan sahu ya ƙara kuɗi, fasinja ya koma takawa, balas ya gagara. Tun daga nan aka fara ganin kekuna masu amfani da iskar gas da masu amfani da lantarki. Su ma sun riga doka isowa, da tambayoyinsu: wa zai duba tukunyar gas ɗin da aka ɗaura a ƙarƙashin kujerar fasinja, ina kuma za a zubar da batirin da ya mutu? A shekarar 2025 kafafen watsa labarai sun ba da labarin wata ƙungiyar mata a Kano da ta fito da kekuna masu lantarki, masu launin ruwan hoda, waɗanda ke ɗaukar mata da yara kawai. Shekara ashirin ke nan bayan kekunan farko masu labule, sai dai wannan karon mata ne ke riƙe da kan keken.